Gurbin da Ya Rage a Bango

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa a layin, Sai-na-ƙirga yake ce masa, shi kuma yana amsawa ba ɓacin rai, don ya san shi ya jawo wa kansa. Mai rubutun alluna ne, irin masu rubuta sunan shago a kan katako ko bango da fenti da buroshi, kuma ya haura shekara arba'in a wannan sana'a. In ka kawo masa aiki kana rawar jiki, kana cewa gobe za ka buɗe shago, ko kai ba zai ɗaga ba. Zai karɓi takardar, ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya ce, "Tsaya, sai na ƙirga." Ya ƙirga haruffa, ya ƙirga sararin da ke tsakanin kalmomi, ya auna allon da zare, ya raba. Sai bayan nan zai gaishe ka da kyau, har ya tambayi iyali.

Shagonsa wani ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Gwangwanayen fenti a jere a kan kanta, burosai sun sha wanka suna tsaye a cikin tsohon kofi, tsani a jingine, ga warin kananzir da ya kama ko'ina har hularsa. Ƙofar baya kuma tana fita tsakar gidansa, inda matarsa, wadda ake kira Mai Keke, take ɗinki a ƙarƙashin rumfa. A zamanin da nake ba ku labari wayar hannu ba ta shigo ba, amma wasu samari sun riga sun shigo sana'ar da kwalin da aka yanke haruffa a jiki. Su manna a bango, su fesa fenti, kafin ka juya sun gama. Sai-na-ƙirga ba ya zagin su, sai dai in ya wuce ta gaban aikinsu yakan kawar da kai kamar ya ga abin kunya. Su kuma suna ta yaɗawa cewa idon tsohon ya gaji. Abin haushin shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don bara ya fara sa tabarau.

Doka ɗaya ya gada daga ubangidansa, kuma bai taɓa karya ta ba: abin da mai aiki ya ba ka a takarda, shi za ka rubuta. Ba naka ba ne gyara. Ya taɓa rubuta wa wani mutum "Masauki Mai Ɗakuna Hamsin" a jikin gidan da da idonsa ya ƙirga ɗakuna shida. Ya rubuta, ya ƙawata, ya sauko daga tsani abinsa.

Wata Juma'a da hantsi wata mata matashiya mai tabarau ta tsaya a ƙofar shagon. Ta ce ita ce malamar lissafi ta babbar makarantar da ke bayan asibiti. An gina musu sabon ɗakin lissafi, za a buɗe shi Juma'a mai zuwa, tana so a rubuta lamba guda ɗaya a bangon cikinsa.

"Lamba ɗaya tak?" in ji shi. "Ai wannan ko yaran kwali za su yi miki, Malama."

"Baba, hannu nake so, ba kwali ba. Wannan lambar da hannu aka tabbatar da ita, ba da inji ba, kuma ita ce mafi girma a irinta da aka taɓa yi wa haka. Alƙalumanta talatin da tara."

Ya jawo mata kujera. Malamai kuwa kun san su, in suka samu mai sauraro sai Allah. Ta ce akwai lambobin da ba sa rabuwa. Sha biyu tana rabuwa gida biyu, gida uku, gida huɗu, ba saura. Amma sha uku duk yadda ka raba ta sai wani abu ya rage, sai dai ka bar ta ɗungurungum ko ka warware ta ɗaya-ɗaya. Irin waɗannan ma dangi-dangi ne. Akwai tagwaye, kamar sha ɗaya da sha uku, masu lamba guda a tsakaninsu. Akwai kuma wani gida mai wuyar samu, waɗanda ake jera biyu a yi ta ninkawa, sannan a cire ɗaya.

"Jera biyu guda uku ka ninka su, takwas ke nan, cire ɗaya, bakwai. Jera biyu guda bakwai, ɗari da ashirin da takwas, cire ɗaya, ɗari da ashirin da bakwai. Ita ma ba ta rabuwa. To, jera biyu guda ɗari da ashirin da bakwai, ka ninka, ka cire ɗaya. Ita ce wadda za ka rubuta mana."

"Ashe 'yar dangi ce," in ji shi. "Uku ta haifi bakwai, bakwai ta haifi ɗari da ashirin da bakwai, ita kuma ta haifi wannan."

Malama ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce shekara biyar tana koyarwa ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi haka ba. Shi kuwa tuni hankalinsa ya koma bango. Talatin da tara: layi uku, kowanne gurbi sha uku. Lamba mai ladabi, ta san yadda ake zama a bango. Ta ce ita za ta yi tafiya duba jarrabawa a wani gari, sai ranar buɗewar za ta dawo, amma akawun makaranta zai buga lambar a keken rubutu ya aiko masa.

Ranar Litinin da safe ya je ɗakin. Ya auna bangon, ya shafa wa zarensa alli, ya ɗaure, ya ja ya saki, layuka suka fito sambal. Ya zana gurabe talatin da tara da fensir. Sannan ya buɗe takardar akawu, ya ɗora yatsa.

Talatin da takwas.

Ya goge tabarau da bakin riga ya sake ƙirgawa. Talatin da takwas. Ya ƙirga daga ƙarshe zuwa farko, abin bai canza ba. Tunanin farko da ya zo masa shi ne maganar samarin nan ce ta tabbata. Ya naɗe takardar ya koma gida, ya miƙa wa Mai Keke bai ce mata komai ba sai "Ƙirga min." Ta bi alƙaluman da bakin allura, ɗaya bayan ɗaya.

"Talatin da takwas. Lafiya, Malam? Ka yi wani iri."

Ya koma makaranta, ya sami akawu a bayan keken rubutunsa, wani siririn mutum da ke jin cewa duk takardar da ta bi ta hannunsa ta zama hukunci. Akawu ya saurare shi da rabin kunne.

"Baba, abin da Malama ta rubuta shi na buga. Takardarta ma na yar da ita, tunda na gama."

"Ta ce min talatin da tara, ɗana."

"To ni talatin da takwas na gani. Lamba mai tsawon nan, wa zai tsaya ƙirgawa? Ka rubuta kawai."

Shugaban makaranta ya fito ya ji abin da ake ciki. Mutumin kirki ne, sai dai baƙi na zuwa ranar Juma'a, kuma ko kujeru ba a gama kawowa ba. Ya ce littafin da lambar take ciki na Malama ne, ta tafi da shi.

"Baba, mun san darajarka. Amma in bango bai kammala ba zuwa yammacin Alhamis, dole in kira yaran nan masu fesawa."

Sai-na-ƙirga ya fito yana tafiya a hankali. Dokar ubangidansa tana nan daram: rubuta abin da aka ba ka. Ba wanda zai zarge shi, ga takarda a hannu. Amma ɗakuna hamsin ƙaryar mai masauki ce, kuma duk baƙon da ya shiga zai gane. Wannan kuwa yara ne za su zauna a ƙarƙashinta shekara da shekaru, suna kwafa a littafi, suna yarda, don a bangon makaranta suka gani da rubutu mai kyau. Kyan hannunsa ne ma zai sa su yarda. In kuma ya ƙi rubutawa, yaran kwali za su fesa ta a gurguwarta, gari ya ɗauka cewa tsoho ya kasa.

Da ya zayyana wa Mai Keke, ta tsayar da keken da tafin hannu.

"Yanzu kai ba ka san wanne ne ya ɓata ba?"

"Ina zan sani? Ko a ina gurbinsa yake ban sani ba."

"Ba ka ce matar nan ta faɗa maka yadda ake haifar lambar ba? Biyu ne ake ta ninkawa?"

"Sau ɗari da ashirin da bakwai fa, uwar yara."

"To, sai me? Ninki ne. Ni da nake ninka yadi tun kafin ka fara furfura."

Ya dube ta. Iliminsa na boko bai wuce aji huɗu ba, nata ma bai kai nan ba. Amma biyu da biyu huɗu, huɗu da huɗu takwas, wannan ai ba sai da digiri ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Da farko ya so ya yi wayo. Ya aro na'urar lissafin mai gyaran rediyo, ya yi ta dannawa yana jin daɗi. A ninki na ashirin da shida ta nuna masa alƙaluma takwas, fuskarta ta cika. Ya sake dannawa, sai ta yi tsit, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya mayar wa mai ita ya ce a ba ta ruwa, ta suma.

Talata da sassafe ya kwaso tsofaffin allunan da masu shago suka bari, ya kifa su, ya jera a jikin katangar tsakar gida. Mai Keke ta ɗauko littafin da take rubuta awon kafaɗa da ƙugu, ta buɗe daga baya. Suka yi sharaɗi: kowa ya yi nasa, ba leƙe, sai an cika layi goma a haɗa a gani. Ya rubuta biyu a saman allon farko da alli, ya sa mata lamba ɗaya a gefe.

Layin farko-farko wasa ne. Layi na goma, dubu ɗaya da ashirin da huɗu, su biyun suka faɗa a tare. Na ashirin ya haura miliyan. Daga nan sunayen lambobin suka ƙare musu, suka koma kiran alƙaluma ɗaya-ɗaya kamar masu kiran sunayen ɗalibai. A fara daga dama, a ninka, a ajiye, a riƙe ɗaya, a matsa hagu. Kowane layi uku ko huɗu lambar sai ta ƙara tsawo da gurbi guda. Mai Keke ce ta fara lura da wutsiyar.

"Malam, ka ga ƙarshen? Biyu, huɗu, takwas, shida. Biyu, huɗu, takwas, shida. Haka take ta zagayawa."

Ya duba allunansa, haka ne kuwa. Ya ji haushin da ba shi ya fara gani ba, ya ce ai tun ɗazu ya lura, bai dai faɗa ba ne. Ta ce to, Allah ya ƙara basira.

Wata mata ta zo karɓar rigarta, aka ce ta dawo jibi. Mai aski ya leƙo ta katanga, ya ga tsoho a tsugune gaban allo yana motsa baki, ya koma ya gaya wa masu jiran aski cewa warin fenti ya fara taɓa kan maƙwabcinsa. A layi na sittin da huɗu lambar ta kai alƙaluma ashirin, gwiwoyinsa suna ciwo, alli ya yi masa fari har gwiwar hannu. Suka tsaya a na saba'in da rana ta yi sanyi, lissafinsu bai saɓa ba ko sau ɗaya.

Laraba ce ta zo da rigima. Da suka haɗa layi na casa'in, tsakiyar lambarsa daban, tata daban.

"Ke kika kauce," in ji shi. "Wannan rubutun naki kamar tafiyar kaza."

"Kazar dai ta san hanyar akurkinta. Koma baya ka gani."

Suka koma na tamanin da tara, saɓani. Na tamanin da takwas, saɓani. Sai a na tamanin da huɗu suka kama ɓarawon: ya ninka bakwai, ya ajiye huɗu, ya manta da ɗayan da ya riƙe. Ɗaya tak, amma ta lalata duk abin da ya biyo bayanta. Ya tsaya yana kallon wurin ya daɗe. Mai Keke ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta miƙa masa jiƙaƙƙen tsumma kawai. Ya goge layi bakwai, ya sake su.

Daga nan ba wanda ya ƙara wasa. La'asar ta yi suna na ɗari da ashirin. Da ya rubuta na ɗari da ashirin da bakwai, bai yarda ya ƙirga ba sai da suka haɗa. Ta karanto nata, yana bin nasa da yatsa, ba inda suka rabu. Ƙarshenta takwas, ya goge ya mayar bakwai. Sannan ya ƙirga, talatin da tara cif.

Ya ɗauko takardar akawu ya kara a jikin allon. Suka tafi tare kamar an auna, har can kusa da ƙarshe. Allo ya ce biyar, takwas, takwas, huɗu. Takarda ta ce biyar, takwas, huɗu. Takwas biyu ne a jere, yatsan akawu ya buga ɗaya ya wuce. Daɗin da Sai-na-ƙirga ya ji a lokacin, ko ranar da ya buɗe shagon kansa bai ji irinsa ba.

Ranar Alhamis ya hau tsani tun da safe. Baƙin fenti a kan farin bango, kowane alƙalami tsawon tafin hannu biyu, kowace takwas da cikinta na ƙasa ya ɗan fi na sama faɗi, yadda za ta zauna da gindinta. Bai yi sauri ba. Kafin la'asar bango ya cika:

1701411834604
6923173168730
3715884105727

Akawu ya shigo da kwafin takardarsa, ya bi layukan, ya kai na uku, ya yi tsalle kamar ya taka wuta. Ya kira shugaba.

"Ya ƙara mana lamba daga kansa, ranka ya daɗe! Ga takarda, ga bango!"

Shugaba ya dubi takarda, ya dubi tsohon. "Baba, me ya kai ka? Wa ya ba ka wannan takwas ɗin?"

"Tata ce, ranka ya daɗe. Mayar mata da abinta na yi."

Ya yi ƙoƙarin bayani, amma wa zai yarda cewa mai fenti da tela sun gyara takardar ofis? Shugaba ya ce a kawo farin fenti a shafe layi na uku. Sai-na-ƙirga ya tsaya a gaban bangon, bai ɗaga murya ba.

"Ku bar shi zuwa safiya. Malama za ta zo da littafinta. In ni na yi kuskure, da hannuna zan shafe shi a gaban baƙinku, kuma daga ranar ba zan sake riƙe buroshi ba. Na faɗa, kun ji."

Shugaba ya ce Allah ya kai mu.

Da safe ɗakin ya cika da ɗalibai a kan sababbin kujeru, ana jiran baƙi. Bokitin farin fenti yana ajiye a gindin bango, akawu na tsaye kusa da shi. Sai-na-ƙirga ya sa rigarsa mai kyau, wadda ba ɗigon fenti a jikinta. Mai Keke ta biyo shi, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce ita ba za ta shiga ba. Malama ta iso da jakarta a kafaɗa, ko gida ba ta biya ba. Aka faɗa mata a gurguje. Ta fito da littafin, ta buɗe, ta fara karantawa da ƙarfi, ɗalibai suna bin bango da ido.

Layin farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Shi bai kalli bangon ba, ƙasa yake kallo, hannayensa a baya.

"Uku. Bakwai. Ɗaya. Biyar. Takwas." Ta ɗan tsaya ta gyara tabarau. "Takwas. Huɗu."

Sai-na-ƙirga ya ɗago kai. Ta ƙarasa, ɗaya, sifiri, biyar, bakwai, biyu, bakwai, ta rufe littafin. Akawu ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa, ya fice ta ƙofar gefe.

"Baba, a wane littafi ka samo ta? Na ɗauka nawa ne kaɗai a nan kusa."

"Ba littafi, Malama. Ninkawa muka yi, yadda kika faɗa."

"Ninkawa? Tun daga biyu?"

"Tun daga biyu. Ni a allo, uwar yarana a littafin awonta. Kwana biyu muka yi."

Malama ta dube shi, ta dubi bangon, ta sake dubansa. Idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma ɓoye ba. Ta juya ga ɗalibai, ta buga littafin a tafin hannu sau ɗaya.

"Kowa ya miƙe."

Kujeru suka yi ƙara, ɗakin gaba ɗaya ya tashi tsaye. Sai-na-ƙirga ya yi sauri ya matsa gefe, ya waiga don ya ba manyan baƙi hanya. Ba kowa a bakin ƙofar sai Mai Keke, tana share ido da bakin mayafi.

"Kai ake wa, Malam," ta ce. "Gyara tsayuwarka."